Inna Kar-a-ja da Hannun Dama

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Inna Kar-a-ja, a shekarar 1952 a wani gari da ke gefen layin dogo. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa mai kitso. A shekarar 1966 Allah Ya jarrabi mahaifin nata da shanyewar ɓarin jiki na dama. Yayyenta maza biyu, saboda tsabar ƙauna da ƙarancin sani, su ke tayar da shi kullum: wannan ya cafki hammata, wancan ya ja hannun da ya shanye, har kafaɗar ta goce. Ƙafa ta dawo, hannu bai dawo ba. Tela ya ƙarasa rayuwarsa ana ba shi abinci a baki, ita ce kuma mai riƙe cokalin, tana ganin yadda yake kawar da kai don kunya.

Karatu da aiki

Ta shiga makarantar koyon aikin jinya a 1971, ta kammala a 1974, aka tura ta sashen gashi da motsa jiki, inda ake farfaɗo da waɗanda jiki ya shanye musu. A nan malamanta suka fahimtar da ita cewa jan da ake yi wa mahaifinta ya taimaka wa ciwon wajen kashe hannun, abin da ya daɗe yana ci mata rai. Daga nan ba ta ƙara tayar da majinyaci ba sai ta danne birkin kekensa, ta ɗaura masa ɗamara a ƙugu, ta tokare gwiwarsa da tata, ta sa ya tallabi hannun da ya shanye da mai lafiyar, sannan ya sunkuyo ya yunƙura da kansa. In ta hango ɗan majinyaci ya miƙa hannu wajen hammata, sai ta ɗaga murya: “Kar a ja, ɗana! Babanka ne, ba guga ba ne.” Daga nan laƙabin ya bi ta, kuma mutane da yawa sun koma sana'arsu ta dalilin wannan tsawar.

Aure da iyali

A 1976 ta auri direban motar asibiti, mutum mai barkwanci, wanda yakan ce wa baƙi, “Ku yi a hankali, a gidan nan ko kujera ba a ja.” Sun haifi 'ya'ya biyar. Ya rasu a 2004.

Ritaya da jinya

Ta yi ritaya a 2009. Wata safiya a 2015, tana shanyar wanki, ciwon mahaifinta ya same ta, a ɓarin dama kuma, ta faɗi baki a karkace. Babban ɗanta, makaniki, ya rugo zai ɗaga ta ta hammata, sai autarta ta riƙe shi: “Yaya, kar a ja!” Da zanin gado suka ɗauke ta. A asibiti ta faɗa hannun waɗanda ta koyar, suka bi da ita tafarkinta ba sassauci. Wanzami dai ba ya son jarfa, don ta sha harararsu tana ce musu marasa imani. Fargabarta ɗaya ce, kada ta ƙare a cokalin wani. A 2016, a gaban 'ya'yanta, ta ɗauki cokali da hannun damanta, yana rawa, ta kai baki. Ta yi kuka, ta ce, “Alhamdu lillahi. Baba, yau na ci mana ni da kai.”

Rasuwa

Ta yi wafati ranar Alhamis cikin watan Maris na 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka yi mata sutura bayan sallar la'asar. Mai wankan gawa ta shaida cewa da aka zo juya ta, 'ya'yan marigayiyar mata sun fara tallabe kafaɗar dama tukuna, ba wanda ya tuna musu. Ta bar makaniki, da malamar makaranta, da ma'aikacin jinya, da mai shagon magani, da autarta tela, da jikoki goma sha huɗu. Allah Ya tallabe ta kamar yadda ta tallabi bayinSa.