Fom Ɗin Jami'a da na Cike Ni Kaɗai

Ina ajin ƙarshe na sakandare, a unguwar Takur cikin Dutse nake zaune, gidan gwaggona. 'Yan ajinmu kowa da mai ba shi shawara kan jami'a, wannan yayanta na karatu a Zariya, waccan babanta ma'aikaci ne. Mu kuwa a gidanmu babu wanda ya wuce firamare.

Wata Asabar na shiga motar Buji na tafi ƙauyenmu. Na tarar da mahaifina yana ba tumaki dusa. Na durƙusa na karanto masa jami'o'in da na rubuta a bayan littafina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ban san ko ɗaya ba, 'yar nan. Ki zaɓa, ni addu'a zan yi miki."

Na so a ce ya hana ni wata, ko da faɗa ne.

Ranar Litinin da na je cike fom, mai shagon kwamfuta ya tambaye ni, "Wacce za a sa?" Na waiwaya, alhali na san ba wanda ya rako ni. Na ce ta Dutse, don ita kaɗai na san hanyarta. A nan na yi shekara huɗu.