Kwana Biyar ta Daji

A shekarun da kuɗin mai ya kwashe mazan ƙauyenmu na kusa da Dutsi, gidanmu ya koma daga kakata Iya sai iyayenmu mata da mu yara. Babana yana aikin masaƙa a Kano, ƙanensa Baffa Sule yana gini a Katsina. Sun ɓata a kan gonar gado, har ba sa haɗa zuwa gida. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin Iya yake bi.

In an kwashe tuwo, Iya takan ƙara kara a murhu mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne, ban da guda ɗaya da take yi tana zane da tsinke a toka.

Wai wa da ƙane ne suka rabu a gindin wata kuka. Wan ya yi kudu tafiyar kwana huɗu, ƙanen ya yi yamma kwana uku, kowa ya kafa gida. Wata rana fatake suka gaya wa wan cewa ƙanensa na kwance rai a hannun Allah. Wani maharbi ya ce masa in ya ratsa daji kai tsaye, kwana biyar zai kai shi. Shi kuwa ya ƙi, ya koma ta kuka, sannan ya juya yamma. Da ya isa ran na bakwai, ya tarar tun jiya aka kai ƙanen makwancinsa.

Na taɓa tambayarta ko kura ce a dajin.

"Ba komai a ciki, 'yar nan," in ji ta. "Bai saba ba ne. Kuma ba ya so a ce shi ya fara zuwa."

Iya ta rasu da damina. Su Baba sun zo, sun zauna a zaure ɗaya, kowa na karɓar gaisuwa a gefensa, aka watse. Da Baffa ya kwanta ciwo bayan 'yan shekaru, labarin sai da ya biyo ta ƙauye kafin ya isa Kano, alhali kullum motoci na zirga-zirga tsakanin biranen biyu. Baba bai same shi da rai ba. Ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin abin kirki.

Yau lissafi nake koyarwa a Daura. Nakan zana alwatika a allo, irin zanen da Iya kan yi a toka, in ce uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, a haɗa ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Yara kan yi murna in amsar ta fito daidai. Ni kuwa sai in tuna Iya ba da mu take ba. 'Ya'yanta take roƙo su nemi juna tun tana da rai, mu ne kawai muke zaune muna saurare.