Man Kaɗe Mai Hayaƙi

Jiya na miƙa wa Inna man shafawar da na sayo mata a kasuwar Yelwa. Fatarta ba ta karɓar kowane mai, tana shafawa sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Mai shago ya rantse min wannan man kaɗe ne zalla, an tace shi fari fat.

Ta buɗe, ta shinshina, ta dube ni.

"Ɗiyata, ina hayaƙin?"

Na ce, "Wane hayaƙi kuma, Inna?"

Ta ce, "A tsibirinmu, kafin ruwan dam ya ci garin, innata kan busar da ƙwaran kaɗe bisa murhun bandar kifi. Mansa kaɗai ne bai taɓa ci min jiki ba. Ran da aka kwashe mu a jirgi, shi ta ƙulla min a bakin zane."

Ashe abin da take nema ke nan duk ran kasuwa, tana shinshinar man masu talla tana ajiyewa.

Tsibirin yana ƙarƙashin ruwa, murhun ma haka.

Mutanen Warra da Ngaski, don Allah akwai mai yin irinsa har yanzu? Inna ta tsufa, sauri nake.