Kitson da Na Tsefe da Hannuna

A gidanmu na Gaya, da an idar da sallar magariba sai kakata Iya ta zauna kusa da murhu, ta sa kan ɗaya daga cikin yayyena a cinyarta. Hannunta na kitso, bakinta na tatsuniya. Mu maza mukan ajiye allo mu matso. Allah ya jiƙanta, ba ta gaggawa a komai.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta bushiya. Wai zomaye suka yi bikin suna, bushiya ta ci ado ta je. A bakin ƙofa suka ce, "Ƙayar nan taki tana tsorata mana yara, je ki rage ta." Ta koma ta tuge ƙayarta ɗaya bayan ɗaya, jini na zuba. Da ta dawo suka dube ta sama da ƙasa suka ce, "Wannan ai ɓera ce. Ba ma zama da ɓeraye." A nan Iya kan ja tsaki ta ce, "Ke kuma daina motsi, ja'ira! Kun ji dai, da ma can ba ƙayar ba ce."

Mukan yi dariya. Na ma rubuta ta da ajami a bayan wani littafina, ina ganin na fahimce ta.

Shekaru suka ja, karatu ya kawo ni Birmingham ta ƙasar Turawa, muka zauna a unguwar Sparkhill. 'Yata Safiya tana shekara tara, ƙanwar mahaifiyarta ta zo daga Manchester ta kwashe yini guda tana yi mata shuku mai kyau. Ranar Litinin yarinya ta dawo da takarda: kitson ya saɓa wa ƙa'idar makaranta, a tsefe ko ta zauna a gida.

Ni na tashi a gaban malamin allo, inda ba a musu da malami. Mahaifiyarta na wurin aiki. Na zaunar da ita na ɗauki tsinke. Tana kuka tana cewa, "Baba, please, me na yi?" Na ce, "Uwata, yi haƙuri, malamai sun fi mu sani." Na tsefe shi tas.

Washegari suka kira ni. Shugabar makarantar, da murmushinta, ta ce gashin ya yi tsayi, yana tare wa na baya allo. Ga yara can da gashi har gadon baya, ja da fari, babu wanda ya tanka musu. Kwana uku suka ware Safiya a wani ɗaki na makarantar ita kaɗai, tana kallon bango.

Na je ofishin da ke ba mutane shawara kan doka, na tarar hukumar birnin ta rufe shi, wai babu kuɗi. Wani lauya ya ce mini doka ta hana wariyar launi, amma ba ta kira gashi da sunansa ba. Subhanallahi! Wanda ya halicci fatar ba shi ya halicci gashin ba?

Na yi ta rubuta takardun koke har makarantar ta janye hukuncin, ba tare da ban haƙuri ba. Fushina da su yana nan. Amma da na tuna Iya sai in ga bushiya da hannunta ta tuge tata ƙayar, ni kuwa ta 'yata na tuge. Safiya ta girma, ta ce ta yafe. Sai dai har yau in na miƙa hannu zan dafa kanta in sa mata albarka, sai ta ɗan kauce.