Matar Da Ta Ƙirga Unguwa Da Igiyar Shanya

Ƙarfe bakwai da rabi take isa ɗakin shan magani na unguwarmu. Ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta buɗe firjin allurai ta ga ko wuta ta kwana. In ba ta kwana ba, ta kwashe kwalaben ta zuba a kular ƙanƙara tana mita ita kaɗai. Daga nan ta sauya takalmi, ta zura wani shimfiɗaɗɗen roba da ya sha duniya, ta ɗauki lemarta ta faɗa lungu. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka. A takarda sunan aikinta jami'ar wayar da kan jama'a kan lafiya, amma ba mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Anti Mai Lema muke ce mata, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aikin nata a faɗe ba wuya. Ta nemo mai ciki ta tura ta awo, ta nemo jariri ta tabbatar an yi masa rigakafi, ta tuna wa mai tari cewa bai gama shan maganinsa ba. Wuyar tana wajen nemowar. Lokacin da ta fara, kowane gida iyali ɗaya ne, da fili da bishiya a tsakar gida. Sai birni ya yi ta kumbura. Masu neman aiki suka yi ta kwararowa, 'ya'yan masu gidajen suka girma suka koma sababbin unguwanni a bayan gari, tsofaffin da aka bari kuma suka kira kafinta. Falo ya zama ɗaki uku da katako, garejin mota ya zama ɗaki biyu, har ɗakin ajiyar tarkace ya samu mai kwana. Daga waje ƙofa ɗaya ce kamar da, a ciki kuwa iyali goma ne ke layin banɗaki.

Masu gidajen ba sa son a sani, don raba gida ba izini laifi ne a ofishin gine-gine, ana cin tara, a ɓalle katakon, 'yan haya su kwashi kayansu. Shi ya sa Anti ta daina tambayar mutum nawa ne a gida. Igiyar shanya take kallo. Telan bakin lungu ya ba ni labarin ranar da ta tsaya ƙofar wani dattijo wanda autansa ya haura arba'in, ta hango 'yar mitsitsiyar riga tana lilo ta saman katanga.

"Baba, ashe ƙaruwa aka yi maka, ko ka gaya mana?"

Dattijon ya fara kame-kame, wai ta jikarsa ce da ta zo hutu.

"To Allah ya raya. Jikar nan dai wata uku ke nan tana hutu, kuma ba ta da katin allura. Ni ba ruwana da katakonka, Baba, jaririyar nake nema."

Ya yi dariya ya matsa mata hanya. A gidan nan kaɗai ta samo yara bakwai da ba a taɓa yi musu rigakafi ba.

Anti, ke ce ba ki taɓa ɗaga murya a ƙofar kowa ba, kuma ba ƙofar da ta gagare ki. Mun sha yi miki tsiya cewa kin fi kowa sa ido a unguwar nan, kina amsawa da cewa ai shi ake biyanki ki yi.

Shekara biyu da suka wuce aka aiko da wasiƙa daga babban ofis cewa za a rufe ɗakin shan maganin. Masu ƙidaya sun zagaya kafin nan, kowace ƙofa suka ƙwanƙwasa mai gida ya leƙo ya ce, "Ni da tsohuwa ne kawai." Su kuwa suka rubuta. Takarda ta nuna unguwa ta tsufa, mutane sun ragu, jariran da ba su kai shekara ba guda arba'in ne kacal. Saboda haka kowa ya tafi babban asibitin da ke ƙetaren babbar hanya, inda sai an hau mota biyu. Anti ta san abin da zai biyo baya. Matar da ke ɓoye a bayan katako ba za ta hau mota biyu don awo ba, za ta zauna ne sai abu ya ɓaci.

Ta je ta samu shugaban sashen lafiya. Ba mugu ba ne, mutumin takarda ne.

"Malama, in kina da gaskiya kawo mini sunaye da lambar gidaje."

Suna nan a kanta tsaf. Amma ta san fayil ba ya zama a ofis ɗaya. In ta bayar, ɗakin shan maganin ya tsira, a watsa mutanen da aka tsirar da shi dominsu. In ta hana, a sa kwaɗo a ƙofa. Ta gaya mini sai bayan kwana uku ta koma masa da amsa.

"Yallaɓai, sunaye kam ba zan iya ba. Amma ka ba ni safiya ɗaya."

Ta zaɓi washegarin ranar da ake sako ruwan famfo, ranar da kowace mace take wanki. Ta hau da shi saman wani bene mai hawa uku da ba a gama ginawa ba, yana haki, direbansa na biye da su. Daga can ana ganin tsakar kowane gida, igiyoyi sun sarƙe ko'ina.

"Kada ka kula na manya, yallaɓai. Kayan jarirai kawai. Duk guda shida ka ɗauka jariri ɗaya ne, na ma yi maka rangwame."

Direban ya ce maigidansa ya fara ƙirgen yana murmushi, can sai murmushin ya ɗauke. Ya wuce jarirai ɗari da hamsin bai gama ɓangaren gabas ba. Ya cire tabarau ya goge.

"Kin san ba zan iya sa igiyar shanya a fayil ba."

"Na sani, yallaɓai. Amma ka gani da idonka."

Ba a soke rufewar ba, ɗage ta aka yi shekara uku, sai an sake ƙidaya. Ita kuma aka ba ta takardar gargaɗi saboda ƙin miƙa bayanai, ƙarin girman da take jira ya wuce ta, kuma a wannan matakin za ta yi ritaya. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma ba ta zauna jinyarsa ba. Wata goma sha huɗu ta yi tana sintiri tsakanin ofisoshi har ta samo takarda mai sa hannu cewa abin da aka faɗa wa masu ƙidayar lafiya ba za a miƙa shi ga masu kula da gine-gine ba. Unguwarzomar ɗakin ta manna kwafinta a bango, kusa da sikelin awon jarirai.

Anti Mai Lema, mun gode. Ke ce kika riƙe sirrin mutanen da ba su da inda za su je, kika biya da naki ci gaban, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya sa ki huta cikin rufin asiri. Ma'aikatan da ke tasowa su koyi wannan daga gare ki: birni ya fi takarda saurin canzawa, wanda yake son sanin mutane sai ya taka ya je inda suke.

Sauran maganar tamu ce, mu masu gidaje da 'yan haya. Baɗi masu ƙidaya za su dawo, kuma ranar Anti tana gida, ba mai hawa bene a madadinmu. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce ba ta da wani dogon zance.

"Ku ce musu in an ƙwanƙwasa su buɗe, su faɗi ko su nawa ne. Ni na yi musu shiru shekara da shekaru. Yanzu in suka yi wa kansu shiru, za a rufe ɗakin."