Dattijo da Cajar Babur

A shagon kayan wuta na Uzairu, cikin kasuwar Rano, ga wani dattijo durƙushe, ya manna kuncinsa jikin cajar babur mai lantarki da aka jona, kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta. Rabin gemunsa ya babbake; wanzamin da ya yi wannan aski dai bai nemi izini ba. Hannunsa naɗe da tsumma, rigarsa tana ƙaurin hayaƙi. Da gani, gobara ce ta taɓa shi: tsohuwar cajarsa a ɗakin harawa ya rataye ta gudun ruwan sama, da 'yar siririyar waya.

"Baba, ba fa jaririya ba ce," in ji Uzairu.

Bai ɗago ba. "Ɗana, waccan ma shiru ta yi har ta cinye abincin shanuna. Babur ɗin ke kai nono garin Kibiya, dole in sayi wata cajar. Amma ɗaki ɗaya ya rage mini, a ciki jikokina suke kwana."

"Zan zo in ja maka waya mai kauri, a waje, ƙarƙashin rumfar kwano."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya juya ɗaya kuncin ya manna.