Hoton da Ke Sauka Layi-Layi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Baba a nan Riyad. Ban yi karatu mai nisa ba, masu karatu ku yi mini uzuri, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Baba masinja ne a wani ofis a unguwar Ulaya. Ina ƙarama, muna zaune a unguwar Jaradiya, ofishin suka canza kwamfutoci, aka ba shi tsohuwa ɗaya haɗe da wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem. Da layin wayar gida yake aiki. In an kunna shi sai ya yi ta ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, can kuma ya yi tsit. To, an shiga ke nan. Daga nan doka ɗaya ce a gidan: kada kowa ya ɗaga kan waya. Aka ɗaga, layi ya yanke, sai a koma farko.

Ranar Juma'a bayan la'asar muke zama. Ɗan wan Baba a Gusau yakan je shagon intanet ya turo hoton Iya, mahaifiyar Baba, wadda ban taɓa gani ido da ido ba. Hoton ba ya zuwa gaba ɗaya, daga sama yake sauka layi-layi. Ɗankwali ne farko, sannan goshi. Sai Baba ya ce, "Bilkisu, gyara zama, ga Iya nan ta shigo zaure." In idanu suka fito, ya sa ni in durƙusa in gaishe ta. Umma kuwa tana kicin tana dariya: "Malam, kafin haɓar tsohuwar nan ta iso ai shayi ya huce."

Wata rana na tambaye shi me ya sa Iya take da nawa haka. Ya nuna mini lambar da ke jikin kwalin modem ɗin, hamsin da shida. Ya ce 'yan ɗigo ne dubu hamsin da shida a kowane sakan. Takwas ke yin harafi ɗaya, amma sai an haɗa su da 'yan rakiya, na gaba da na baya, don kada su ɓace a hanya, shi ya sa shi da goma yake rabawa. Kuma layin gidanmu ma bai taɓa kai lambar kwalin ba. Ban gane ba. Ya ce, "Ranar da muka raka maƙwabciyarmu awo a filin jirgi, kaya kaɗai aka auna ko har da akwati?" Na ce har da akwati. Ya ce, "Yawwa. Lambar kwali har da akwati ce. Abin da ya iso hannunki shi ne kaya."

Umma ta koma Gusau da ta gama takaba. Ni aure ya riƙe ni a nan, a wani gidan sama a unguwar Malaz, inda maƙwabta ba sa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa. Maigidana yana fita da sassafe, sai bayan isha'i. Kwanaki ya sa mana sabon intanet, yana ta murna da lambar da aka rubuta, wai miliyoyi. Na ce, "Abban Nusaiba, a ciki nawa ne kaya, nawa ne akwati?" Ya dube ni, ya ce ina na samo wannan magana. 

Nakan ce ko me Baba zai ce da ya ga yau? In na yi kiran bidiyo, fuskar Umma tana bayyana gaba ɗaya kafin in gyara mayafi. Lafiya lau, lafiya lau, ta ce za ta yi alwala, mu kashe. Na san zai yi murna, mutum ne mai son sabon abu. Amma ina jin zai tambaya, wa ya durƙusa?

Abin da ya sa nake yawan tuna shi bana shi ne 'yata Nusaiba. Ta haura shekara uku ba ta fara magana ba. Likita ya ce kunnenta lafiya, a yi ta yi mata hira, a yi haƙuri. Talabijin Larabci, yaran bene Larabci, Hausa a bakina kaɗai take jin ta. Wuni guda ina surutu, ita tana kallona. Sai tsoro ya kama ni, in ce ko duk abin da nake tura mata akwati ne, babu kaya. Wani lokacin in gaji in miƙa mata waya, in koma gefe in yi tagumi.

Tun bayan azumi na ɗauko wata dabara. Hoton Baba ɗaya gare ni, na jikin iƙamarsa, wato katin izinin zama, na ɗauka a waya. Duk Juma'a bayan la'asar sai in rufe shi da tafin hannu, in riƙa ja ƙasa a hankali. "Nusaiba, gyara zama, ga angonki nan ya shigo zaure. Ga hula. Ga goshi. Ga ido, gaishe shi." Ta kalla, ta tashi abinta.

Juma'ar da ta wuce na ja hannu kaɗan, sai hawaye suka hana ni cewa komai. Muka zauna haka. Can ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta ce, "Hula."

Na waiga, babu kowa a ɗakin da zan ce wa ka ji? Na so in kira Umma nan take. Amma wayar ita ce a ƙarƙashin hannuna, kuma na san dokar gidanmu. Ban ɗaga ba.

Baba bai bar mana gida ba, bai bar fili ba, kwamfutar ma an zubar da ita tun yana raye. Abin da ya iso hannuna daga gare shi kaɗan ne: yadda ake zama a jira fuskar mutum har ta gama sauka. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Mu dai muna nan, ni da jikarsa, goshi muke jira.